Mai Sharhin Motoci da Bai Iya Tuƙi Ba

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina gabatar da shirin safiyar Asabar a wani gidan rediyo mai zaman kansa da ke wajen ganuwa. Litinin zuwa Juma'a ma'aikaci ne ni a ofishin kuɗi a unguwar Kongo. Ranar Asabar kuwa sai in tura babur ɗina daga zauren gidanmu da ke cikin birni, in fita ta Ƙofar Doka tun kafin masu ƙosai su gama kaskon farko. Shirin awa biyu ne, kuma an cusa masa abubuwa da yawa. Mu fara da harkar kuɗi, yadda dala ta kwana da abin da bankuna suka fito da shi. Daga nan sai manyan motoci na alfarma, sai nishaɗi, wato labarin finafinai da mawaƙa, sannan mu rufe da hira da wani ɗan kasuwa.

Harkar kuɗi ce ta kai ni gidan, don ita na karanta. Amma abin da ya sa aka san ni shi ne minti ashirin ɗin motoci. A masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a layin banki, da zarar na buɗe baki sai wani ya juyo ya tambaye ni wacce ta fi tsakanin ta Jamus da ta Japan. Ni kuwa a lokacin ban taɓa tuƙa mota ba, ko da daga nan zuwa bakin ƙofa.

Duk abin da nake faɗa daga wurin Baba nake samo shi. Mahaifina direban gwamnati ne, ya yi fiye da shekara talatin yana jan manyan ma'aikata kafin ya yi ritaya, kuma a 'yan shekarun nan yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa. Gidanmu gidan malamai ne. Yayansa alƙali ne, ƙanensa limami, shi kaɗai ya kama sitiyari. Tun muna yara ya kafa doka cewa babu ɗansa da zai taɓa mota. Wankewa ma ba ya bari mu yi. Da na girma na sayi babur bai ce komai ba, ni kuma ban taɓa tayar da maganar koyon mota ba, tunda ba ni da kuɗin sayenta, kuma lungunmu ko babura biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe.

Kowace Juma'a bayan la'asar nakan zauna da shi a zaure da wayata. In karanta masa abin da aka rubuta a kan motar da za mu yi a makon, girman inji, tsayinta daga ƙasa, irin tayoyinta. Shi kuma ya jingina da bango ya fassara mini. Ya ce wannan a hanyar Jos za ta ji daɗi amma ramukan cikin gari za su cinye mata ƙasa. Wannan kuma nauyinta ya fi ƙarfin birkinta, mai ita zai riƙa sauya shi kamar riga. Da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, "mai rediyo" yake ce mini. Ina rubuta maganarsa a gefen takarda, washegari in faɗe ta da muryata.

Da farko ina kiyayewa. Nakan ce "masana sun ce", ko "in ka zauna a cikinta za ka ji". Ban san ranar da harshena ya zame ba, amma na wayi gari ina cewa "da na taka ta". Sau ɗaya na faɗa, ba wanda ya ce komai, sai na sake.

Wata Litinin da rana ina ofis Hajiya manajar gidan rediyon ta kira ni. Mace ce mai saurin magana, ba ta son a ja mata zance. Ta ce daga wannan Asabar za a fara haska shirin kai tsaye a waya, mutane su ji su kuma gani. Ta ce Alhajin nan dillalin motoci da ke ɗaukar nauyin shirin ya ji daɗin labarin, zai kawo sabuwar jif da ta iso masa, kuma ya ce ni yake so in ja ta da kaina daga harabar gidan rediyo, in zaga ta Ƙofar Doka in dawo, ina bayani kyamara na ɗauka. Ta ce motar ta fi ƙarfin kuɗin ginin da muke ciki, don haka in bi a hankali. Ta yi dariya, ni ma na yi. Na ce to, Allah ya kai mu.

Na ajiye wayar na zauna ina kallon takardun gabana ban san abin da ke cikinsu ba. Abokin aikina ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, kaina ne ke ciwo. Abincin da na aika aka sayo mini yana nan har aka tashi ban buɗe ledar ba.

Ranar Talata bayan an tashi aiki na nufi unguwar Tukur-Tukur, inda na sha ganin wata makarantar koyon mota da ƙananan motocinta masu jan rubutu a baya. Na sa hular kwano ban cire ba sai da na shiga shagon. Mai makarantar na cike wata takarda, bai ɗago ba ya amsa sallamata. Na tambaye shi kwana nawa mutum zai yi ya iya fita titi. Sai ya ajiye biro.

"Malam, sake magana in ji. Ba kai ne na Asabar ba?"

Ya tashi ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira maƙwabcinsa mai faci ya zo ya gan ni. Ya ce shi da ɗalibansa ba sa wasa da shirina, har misali yake ba su da maganata. Ya tambaye ni wa zan kawo. Na ce maiɗakina ce. Ya ce in kawo ta ko gobe, ba zai karɓi ko sisi ba, amma fa ya san malamin da ke gida ya fi shi. Na yi godiya na fito. Sau uku ina buga babur bai tashi ba, ashe makullin ne ban murɗa ba.

Laraba na gaya wa matata. Tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta saurare ni har na gama ba ta daina ba. Ta ce abu biyu ne, ko in kira Hajiya yanzu in faɗa mata gaskiya, ko in je wurin Baba. Na ce Hajiya za ta ce shekara biyu ina yaudarar gidan, ƙila ta kore ni, labari kuma ya kai ofishinmu na Kongo. Ta ce to ai Baba yana zaure. Na ce ba zan iya ba. Ta ce ita dai ta lura tun shekaranjiya ba na cin abinci, kuma yara sun fara tambaya.

Abin da ya hana ni zuwa wurin Baba ba dokarsa ba ce kaɗai. Ƙaramar rediyonsa ba ta barin gefensa, kuma na san ya ji duk ranar da na ce "da na taka ta". Bai taɓa yi mini maganar ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sai Alhamis da safe, da na shiga gaishe shi, na durƙusa na ƙi tashi. Na faɗa masa halin da nake ciki ina kallon tabarma. Ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya tambaye ni ko ƙanensa liman ya fita da motarsa. Na ce tana nan a bakin masallaci. Ya ce in je in ce ya ara mana ita, kuma ya zo ya kai mu bayan ganuwa, in aika ofis in ce ba zan samu zuwa ba.

Motar Baba liman tsohuwa ce mai giyar hannu, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Ya kai mu wani fili da ake buga ƙwallo da yamma, ya sauka ya shimfiɗa darduma a gindin darbejiya ya buɗe littafi, kamar abin bai dame shi ba. Baba ya zauna a gefena. Ya laluba ya kama hannuna ya ɗora a kan giya, ya ɗora nasa a kai. Ban tuna rabon da hannunsa ya taɓa nawa ba in ba a gaisuwar Sallah ba.

Da kunne ya koya mini. Ba ya ganin inda muka nufa, amma kafin motar ta mutu ya riga ya ce in taka kuloci. In na danna totur da yawa sai ya ce, "Tana kuka, sake mata." Ta mutu a hannuna ya fi sau goma kafin ta yarda ta gangara. Da ta tafi kuma sai na manta inda birki yake, muka nufi turakun raga, Baba ya ja birkin hannu ba tare da ya ɗaga murya ba. Rigata ta jiƙe har ta manne da kujera. Muka yi ta zagaye har azahar, muka koma Juma'a da sassafe, muka sake komawa bayan an sauko daga masallaci.

Zuwa yammacin Juma'a ina iya tayar da ita, in sa giya ta biyu, in sa ta uku, in yi kwana in tsaya. Har na fara jin wani ɗan sanyi a raina. Na kashe motar na tambayi Baba yadda ya gani.

Ya ce na iya motsa mota a fili inda babu kowa. Ya ce Ƙofar Doka ranar Asabar da hantsi ba fili ba ce, akwai masu adaidaita, akwai 'yan acaɓa, akwai tsofaffi masu tsallaka titi ba su duba ba.

"Motar Alhaji in ta lotse ana gyarawa," in ji shi. "Ɗan mutane fa?"

Sai ya ci gaba da magana, fuskarsa na kallon gilashin gaba. Ya ba ni labarin wata rana da ya kai wani babban sakatare ɗaurin aure a cikin birni, a gidan da yayansa alƙali ne waliyyi. Aka shiga da maigidan nasa zaure aka zaunar da shi kusa da alƙali, shi kuma aka ce direba ya jira a mota, za a miƙo masa abinci. Yaron da ya kawo masa kwanon ɗan ƙanwarsa ne, ya rasa yadda zai gaishe shi. Ya ce ranar ya yanke cewa 'ya'yansa a ciki za su riƙa zama. Ya ce bai yi tunanin zai bar ni ina da shekara kusan arba'in ina ɓuya a makarantar koyon mota ba. Ban san yadda aka yi ya ji wannan ba, ina zargin matata. Ya ce laifin hanawa nasa ne, na faɗin abin da ban yi ba kuma nawa ne, kowa ya ɗauki nasa.

Na yi niyyar kiran Hajiya da mun koma gida. Na fito da lambarta sau da yawa ina mayarwa. Na ce gara baki da baki, zan same ta da safe kafin a fara.

Da safe na same ta a tsakiyar haraba, waya a kunne, tana nuna wa masu kyamara inda za su tsaya, janareto ya ƙi tashi, an rasa wayar da za a jona. Na ce ina son magana da ita. Ta ɗaga mini hannu ta ce bayan shiri. Na tsaya a bayanta kamar minti biyu, sannan na wuce situdiyo. Gaskiya na ji daɗin da ba ta saurare ni ba, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Ban taɓa yin sashen kuɗi da ya lalace kamar na ranar ba. Na karanta farashin makon jiya, furodusa ya buga gilashi ya nuna mini takardar da ta dace. Wani mai sauraro ya kira yana tambaya a kan ajiyar banki ta wa'adi, abin da nake bayani ko daga barci aka tashe ni, na ce masa mu bari sai mako mai zuwa. Ta taga ina ganin lokacin da aka buɗe get, baƙar jif ta shigo a hankali, ma'aikata suka fito da wayoyinsu.

Aka sa talla, aka maƙala mini makirfo a wuyan riga, muka fita. Alhaji dogo ne mai fara'a, ya rungume ni ya ce yau ga shi ga gwani. Direbansa, wani dattijo mai furfura a gemu, ya fito ya riƙe mini ƙofa. Furodusa ya ƙirga da yatsu, jar fitilar kyamara ta kama. Alhaji ya miƙo mini wani ɗan abu kamar akwatin ashana ya ce ga makulli.

Na shiga na zauna. Kujerar ta motsa da kanta ta matso da ni gaba. Na duba inda giya take a motar Baba liman, babu komai a wurin sai wani ɗan maɓalli mai sheƙi. Ƙafata ta hagu ta yi ta laluben kuloci, babu shi. Babu ramin makulli. Duk abin da na koya a kwana biyu bai da wurin zama a cikin wannan motar. Mai kyamara ya zauna a baya ya kafa mini ita a gefen fuska. Ta gilashin gaba ina hango get a buɗe, da titi, da wata mata da ta goya yaro tana jiran ta tsallaka.

A rediyo shirun daƙiƙa biyar ma dogo ne. Na ji furodusa a kunnena yana cewa in yi magana. Na ɗora hannuwana a kan sitiyari.

"Jama'a, kafin mu ci gaba akwai abin da ya kamata ku sani," na ce. "Ni ban iya mota ba. Shekaranjiya na fara koyo. Abin da kuke ji ina faɗa a shirin nan, mahaifina ne yake gaya mini, tsohon direba ne. Inda na ce na tuƙa, ban tuƙa ba. Ku yafe ni."

Alhaji ya yi dariya sosai, ya ɗauka cikin shirin ne. Da ya ga na buɗe ƙofa na sauko, dariyar ta tsaya. Ya dubi Hajiya, ita kuma ta dubi ƙasa. Dattijon direban ne ya cece mu. Bai jira an ce masa ba ya zagayo ya shiga, ya ce mini, "Malam, shigo ta nan gefen." Na shiga, muka fita.

Ban san me zan ce ba, sai na shiga yi masa tambayoyi. Yaya take a rami, yaya birkinta in an yi lodi, me ya fi ba shi wahala a jikinta. Ya amsa a natse, da Hausar da kowa zai gane. Ya ce tana da daɗi amma faɗinta ya yi wa titunanmu yawa, kuma in na'urarta ta rikice babu bakaniken da zai taɓa ta a garin nan. Na san Alhaji ba zai so wannan ba, amma ba ni da ƙarfin tare shi. A Ƙofar Doka wani mai adaidaita ya yanko gabanmu ba sigina, dattijon ya kauce da ɗan motsin hannu bai ma katse maganarsa ba. Ni kuwa sai da na dafe gaban motar.

Muka dawo na ƙarasa shirin. Na karanta labarin wani mawaƙi da ya ɗage bikinsa, na yi hira da wata mai sayar da kayan ɗaki, ban tuna ko kalma ɗaya da ta faɗa ba. Kafin in fito Alhaji ya tafi.

Hajiya ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce rashin iya mota ba laifi ba ne, ita ma sai da ta haifi na uku ta koya. Abin da ya ɓata mata rai shi ne kwana biyar ina da lambarta. Da na faɗa tun Litinin, da ta tsara direban ya ja ni in yi bayani, ba wanda zai san komai, ba kuma a kunyata mai ɗaukar nauyi a gaban jama'a ba. Na ce na zo da safe. Ta ce da safe ba lokacin magana ba ne, kuma na sani. Ta ce in tafi gida, za ta neme ni.

Ba ta neme ni ba sai bayan kwana tara. A tsakanin an yanko wurin da na yi maganar ana ta turawa a waya. Wasu suka ce na yi jarumta, wasu suka ce da ma duk 'yan rediyo haka suke, wani ya rubuta cewa to maganar kuɗin ma wa ya sani ko kakarsa ce ke gaya masa. Wannan ta fi yi mini zafi, don ita ce sana'ata. A ofis ba wanda ya tayar da zancen a gabana, sai dai in na shigo hira ta canza. A unguwa kuwa ba ɓoye-ɓoye, matasan bakin masallaci suka riƙa ce mini direba. Asabar ɗin da ta biyo baya aka maimaita wani tsohon shiri, na zauna a ɗaki ina jin muryata tana cewa "da na taka ta", na tashi na kashe. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in yi saurin duba ko Hajiya ce.

Baba bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Abin da ya ce kawai, wannan direban ya san aikinsa, a gaishe shi in an gan shi.

Da Hajiya ta kira, ta ce Alhaji bai janye ba, amma ya sa sharaɗi a ba wani sashen motocin. An ba wani abokin aikinmu mai karanta labaran wasanni, yana da mota, yana da baki. Ni zan ci gaba da kuɗi da nishaɗi da hirar 'yan kasuwa, na wata uku tukuna, a ga yadda masu sauraro za su karɓe ni. Na ce na gode.

Wata ukun nan a ɗarare na yi su. Kowane adadi sai na duba shi sau uku kafin in faɗa, in kuma na ɗauko magana daga wani sai na ce daga wurin wane na ji, har furodusa ya ce ina cinye lokaci. Kiran waya ya ragu a makonnin farko, sannan ya fara dawowa. Ranar da wa'adin ya cika na zauna a bakin ofishin Hajiya bayan shiri ina jira ta kira ni. Ta fito da jakarta a kafaɗa, ta gan ni, ta tambaye ni ko lafiya. Na ce wata ukun ne suka cika. Ta ɗan yi tunani, ta ce au, ta ma manta, in tabbatar dai na samo baƙon mako mai zuwa da wuri, don na wannan makon ya makara.